Laifi Tudu Ne: Sharhi Kan Hayaniyar Wasan Rangers da Enyimba



Kakar ƙwallon 2023/24 dai ta ƙare. Rangers ta ɗauki kofi, masu murna sun yi murnarsu, masu takaici sun haɗiye. Abu ɗaya ne ya ƙi ƙarewa, wato musu a kan wasan da aka yi ranar Lahadi 9 ga Yuni, 2024, tsakanin Rangers da Enyimba ta Aba a filin wasa na Nnamdi Azikiwe, nan bakin titin Ogui. A teburin mai shayi ana yinsa, a rumfunan kasuwa ana yinsa, a ƙofar masallaci bayan isha'i ana yinsa, sannan a kwana ana tura wa juna murya a WhatsApp. Tun da maganar ta ƙi mutuwa, gara mu zauna mu tankaɗe ta, mu ware tsaki da gari. Yadda aka taka leda na bar wa masana. Abin da ya dame ni shi ne irin mudun da muke auna hukunci da shi, mu 'yan kallo.

Ga wanda bai bi labarin ba, ga yadda aka yi a taƙaice. Ana dab da rufe gasar Firimiya ta Najeriya, Rangers na saman teburi, Enyimba mai riƙe da kofin 2023 na biye da ita da ɗan tazara. Duk wanda ya ci wannan wasa ya kama hanyar kofi. Aka cika fili maƙil. Aka buga minti 90 babu ci. Can cikin mintunan da ake ƙarawa, alƙalin wasa ya busa fenariti ya ba Rangers. 'Yan wasan Enyimba suka ce ba su yarda ba, suka ƙi bari a buga. 'Yan kallo suka kwararo cikin fili, wasa ya watse ba a ƙarasa ba. Bayan haka hukumar shirya gasar, NPFL, ta yanke hukunci: ta ba Rangers maki uku da ƙwallo uku, ta ci Enyimba tarar naira miliyan 10, ita kuma Rangers ta ci ta naira miliyan 5 saboda sakaci wajen tsaro da kula da taron jama'a. Mako ɗaya bayan nan, ranar Babbar Sallah, Rangers ta doke Bendel Insurance da ci 2 da nema a wannan fili dai, ta tabbatar da kofinta na takwas.

Ruwa ba ya tsami banza. Wannan wasa ba kamar sauran wasanni ba ne a wajen mutanen nan. An kafa Rangers a 1970, ana gama yaƙin basasa, lokacin da mutanen wannan yanki ba su da wani abin ɗaga kai da ya wuce ta. Ta ci kofin zakarun kofuna na Afirka a 1977, zamanin su Christian Chukwu da Emmanuel Okala, kuma ba ta taɓa faɗawa rukuni na biyu ba. Amma daga 1984 sai da ta yi shekara 32 ba ta ɗauki kofin gasa ba, sai a 2016. A cikin wannan dogon fari ne Enyimba ta taso, ta cinye kofin zakarun Afirka sau biyu a jere, 2003 da 2004, ta tara kofin gida har bakwai. Ke nan wa ne da ƙane, ƙanen ya yi arziki ya wuce wan. Duk wanda ya san zaman gida ya san irin wannan hamayya ta fi ta bare zafi.

To, tun daga ranar hukuncin, magana ta kasu gida uku. Kowane gida yana da 'yar gaskiyarsa, kuma kowane ya ɓoye wani abu a bayan riga.

Mu fara da magoya bayan Enyimba. Su cewa suke an yi musu fashi da rana tsaka. Wai fenaritin ƙarya ne, wai a gasar nan tamu an saba mai gida ba ya rasa fenariti a mintin ƙarshe, wai kuma 'yan kallon mai gida ne suka shiga fili, don me za a ɗora wa baƙo laifin watsewar wasa? Maganar fenaritin mintin ƙarshe kam, duk wanda ya daɗe yana bin gasar Najeriya ba zai ce musu ƙarya suke ba. An sha gani, har ya zama abin ba'a. Ga shi babu na'urar nan ta VAR da za a koma a duba. Amma ko da a ce alƙalin wasa ya yi kuskure, dokar ƙwallo ba ta bar wa ɗan wasa zaɓin ya ce ba zai ci gaba ba. Hukuncin alƙali a kan abin da ya faru cikin fili shi ne na ƙarshe. Ka buga, in an gama ka rubuta ƙara. Fenariti ma ai ba ƙwallo ba ce tukuna. Sau nawa muka ga gola ya kaɗe, sau nawa muka ga an ɗaga ta sama ta wuce turke? Da Enyimba ta tsaya, ƙila ta tsira da maki ɗaya. Da ta ƙi, sai ta miƙa ukun gaba ɗaya da hannunta, ta ƙara da miliyan goma.

Kuma ba a kanta aka fara ba. A ƙarshen watan Mayun 2019, a wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a Tunisiya, Wydad ta Maroko ta zura wa Esperance ƙwallo aka soke. Suka nemi a duba VAR, aka ce na'urar ba ta aiki. Suka ƙi ci gaba da wasa, aka yi ta jira fiye da awa ɗaya, daga ƙarshe alƙali ya tashi wasan. An kai ruwa rana, har hukumar ƙwallon Afirka ta ce a sake bugawa, aka je kotun wasanni ta duniya ta rushe wannan, kofi dai ya zauna a hannun Esperance. Mutane da yawa sun ga cewa ƙwallon Wydad mai kyau ce, amma hakan bai cece ta ba. Ƙungiyar da ta zagaye Afirka kamar Enyimba ta fi kowa sanin wannan. Don haka a nan, a ganina, hukumar ba ta kauce ba. Ranar da aka bar ƙungiya ta tsayar da wasa don ba ta ji daɗin busa ba kuma ta sha, ranar gasa ta mutu, domin kowane Lahadi sai an samu wanda bai ji daɗi ba.

Sai magoya bayan Rangers, maƙwabtanmu. Su a wajensu magana ta ƙare: doka ta yi aiki, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ba ka jin suna ambaton tasu tarar, kamar miliyan biyar ɗin kuɗin goro ne. Alhali in za a auna da haɗarin rai, laifin da aka kama ƙungiyarsu da shi ya fi na Enyimba ban tsoro. Ƙin buga fenariti yana kashe wasa ne kawai. Fili mai ɗaukar mutum wajen dubu 22 a bar jama'a su yi masa yawa, a kuma kasa hana su shiga inda 'yan wasa suke, wannan mutane yake kashewa.

Dattawan da ke da 'yan uwa a zangon Gana za su tuna 9 ga Mayu, 2001. Wasan hamayya ne kamar wannan, Hearts of Oak da Asante Kotoko, a filin wasa na Accra. Hearts ta ci ƙwallo biyu a ƙarshen wasa, magoya bayan Kotoko suka fusata suka fara jifa da kujeru da kwalabe, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga ƙofa suka tarar da ita a rufe. Mutum 126 suka mutu a turmutsutsu, da yawansu samari ne daga unguwanni irin su Nima, inda 'yan uwanmu suke. Ba wanda ya fita daga gida ranar da niyyar kashe kowa. Cunkoso ne da fushi da rufaffiyar ƙofa suka haɗu. Biyu daga cikin ukun nan sun haɗu a titin Ogui ranar 9 ga Yuni, Allah ne kawai ya tsare. Saboda haka in aka ce mini tarar miliyan biyar ta yi wa wannan sakaci kaɗan, ba zan yi musu ba. Ƙungiyar da ta cika fili irin haka, kuɗin ƙofa kaɗai ya isa ya sa ba za ta ji zafin tarar ba, kuma hukuncin da ba a ji zafinsa ba, ba ya hana a sake.

Yanzu kuma sai gida na uku, wato mu. Nan ne na fi so a buɗe kunne.

Yawancinmu nan 'yan Sai Masu Gida ne, da ɗaiɗaikun 'yan Katsina United da El-Kanemi. Wannan wasa ba namu ba ne, amma mun fi masu shi zaƙewa. Kalma ɗaya ce a bakin samarinmu: “Da Pillars ce ta yi haka, da tuni an kore ta daga Kano.” Daga nan sai a zarce, wai hukumar tana da 'yan mowa da 'yan bora, wai in laifin ɗan Arewa ne a ɗauko gatari, in na wasu ne a ɗauko tsinken sakace.

Bari mu buɗe littafin, tun da mu 'yan kasuwa ne, mun san ba a rigimar bashi sai an duba rubutu. A watan Yunin 2019, a wasannin fitar da zakara da aka yi a filin Agege na Legas, Pillars ta haɗu da wannan Rangers ɗin. Rabi'u Ali Pele ya ci, Rangers ta farke a ƙarshe-ƙarshen wasa, aka tashi 1 da 1. Ana busa tashi kyaftin ɗin namu ya yi kan alƙalin wasa, magoya baya suka biyo shi cikin fili, sai da jami'an tsaro suka shiga tsakani, ana haskawa a talabijin duniya na gani. Aka ci Pillars tarar naira miliyan 8, aka dakatar da Rabi'u wasa 12. A watan Afrilun 2022 kuma, Pillars ta dawo filin Sani Abacha bayan dogon zama a Kaduna, ta karɓi Katsina United. Wasa bai ƙare ba, aka farfasa motar baƙin. Aka ci Pillars naira miliyan 9, aka mayar da wasanninta Abuja, kuma kafin kakar ta ƙare an zabtare mata maki uku. A ƙarshen wannan kaka Pillars ta faɗa rukuni na biyu. Katsina United ma ta bi ta. Sai a 2023 suka dawo tare.

To jama'a, motar da aka farfasa a Kano ta su wa ce? Ta Katsinawa ce, 'yan uwanmu na jini, masu sallah ɗaya da mu, masu yare ɗaya da mu. Wane Ibo ne ya ɗauki dutse ranar? Wane ɗan hukuma ne ya tura mu? A wancan lokaci, waɗannan bakunan da yau suke cewa doka ta yi wa Rangers sassauci, su ne suke cewa doka ta yi wa Pillars tsauri, wai ai 'yan tsiraru ne suka yi, don me za a hukunta ƙungiya gaba ɗaya. Yau da aka zo kan wasu, ba wanda ya tuna da maganar 'yan tsiraru. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ban ce babu ƙamshin gaskiya a ƙorafin ba. Pillars an raba ta da gidanta, Rangers kuwa mako ɗaya bayan hayaniya ta buga wasan ɗaukar kofi a gidanta gaban jama'arta. Mai hankali yana da damar tambayar dalili. Amsar da za a iya ba shi ita ce tuhumar ba ɗaya ba ce: a can an tuhumi mutane da kai wa alƙali hari da lalata dukiyar baƙo, a nan an tuhumi wata ƙungiya da ƙin ci gaba da wasa, ɗayar da sakacin tsaro. Ko wannan amsa ta gamsar ko ba ta gamsar ba, ana iya zama a tattauna. Amma wanda zai tattauna sai ya zo da mudu ɗaya. In ka ce a rufe filin Inugu don 'yan kallo sun shiga fili, to ka yarda rufe na Kano daidai ne. In ka ce rufe na Kano zalunci ne, to ba ka da bakin neman a rufe na Inugu. Mu da muke kasuwa mun san sunan mutumin da yake saye da babban mudu ya sayar da ƙarami, kuma tun muna allo aka karantar da mu makomarsa.

In muka faɗi gaskiya ma, haushin da wasunmu ke ji da Rangers ba na adalci ba ne, tsohon miki ne. Ba a manta wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2018 a Asaba ba, inda Pillars ta yi gaba da ci 3 da nema, har an fara shirin biki a Kano, Rangers ta farke duka ukun ta kuma cinye a bugun fenariti. Wannan ciwo ne na ƙwallo, kuma halal ne mutum ya ji shi. Abin da bai kamata ba shi ne a naɗa masa rawanin ƙabila.

Maganar ƙabilar ma ai ba ta tsayawa in aka duba su wa suka yi aiki a ina. Wa ya ba Enyimba kofin 2019, a wancan Agege ɗin da muka yi rigima? Usman Abdallah, mutumin Kano. Wa ya riƙe Rangers kafin Fidelis Ilechukwu da ya ci kofin 2024? Abdu Maikaba, kafin shi kuma Salisu Yusuf. Wa ya ba Pillars kofinta na farko a 2008? Kadiri Ikhana, wanda ya ci wa Enyimba kofin Afirka a 2003. Na 2014 fa? Okey Emordi, wanda ya ci wa Enyimba na 2004. Su masu sana'ar suna yawo tsakanin Kano da Aba da Inugu suna neman abincinsu, mu muna zaune kan benci muna raba ƙasa a kan busar usur.

Kuma mu lura da inda muke zaune. Mai goyon bayan Pillars da ke Fagge ko Kurna, in ya yi zagi a waya, ya kashe ta ya kwanta, babu abin da zai same shi. Mu kuwa katanga ɗaya ce tsakaninmu da mutanen da ake zagin. Filin nan a ƙofar gidanmu yake. Ranar wasa yaranmu ne ke sayar da tsire da dabino da rake a bakin titi, su ne masu wankin takalmi, su ne masu canji, su ne masu tura baro. Wasan nan ma an yi shi ne saura mako ɗaya Babbar Sallah, lokacin da 'yan uwanmu suka sauke ragunan layya, jarin shekara guda yana ɗaure a bakin hanya. Da hayaniyar ta tsallako katanga, taron da ya fusata ba ya tambayar wace ƙungiya kake so. Teburin da ya fi kusa shi ake fara kifarwa. Murya ɗaya ta minti biyu da wani yaro zai ɗauka cikin raha, yana haɗa sunan ƙabila da zagi, in ta faɗa wayar da ba a nufa ba, dattawan unguwa sai su yi wata guda suna gyara abin da ta ɓata. Baki shi ke yanka wuya.

Garin nan kuma ba a yau muka zo shi ba. A shekarun 1950 mutanen Inugu suka zaɓi Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. An ga tashin hankali bayan nan, iyayenmu sun ba mu labari, wasu sun gudu sun dawo sun sake gini daga tushe. Zaman da muke yi yau da tsada aka saye shi. Ba abin da za a jefar ba ne saboda fenaritin da ko buga shi ba a yi ba.

Akwai kuma wani abu da ba a so a faɗa. Wani fushin da muke gani a gidajen kallo ba na son ƙungiya ba ne ko kaɗan, na takardar caca ne. Yaro ya zuba cinikin kwana uku a kan wasa, busa ɗaya ta yaga masa takarda, sai ya tashi yana rantsuwa an sayi alƙali. Wanda ya sa kuɗinsa a kan sakamako ba zai taɓa iya yi wa alƙali adalci ba. Hukuncin caca a addini kowa ya san shi, ba sai na maimaita ba. Iyaye da iyayen gida dai su sa ido a kan yaran shagonsu.

Abin da ya kamata mu nema daga masu shirya gasa, mu da 'yan Rangers da 'yan Enyimba baki ɗaya, a fili yake. A bayyana wa kowa ma'aunin hukunci tun kafin a fara kaka, a kuma tsaya a kansa: shiga fili kaza ne, taɓa alƙali kaza ne, cika fili fiye da kima kaza ne, ko a Kano ko a Aba ko a Ikenne. Duk lokacin da aka yanke hukunci a faɗi dalilin da ya sa na wane ya fi na wane. Tikiti kada ya wuce yawan kujeru, ƙofofi su kasance a buɗe kafin a tashi. Alƙalin da aka samu da wasa da amana shi ma a hukunta shi a bainar jama'a yadda ake yi wa ƙungiyoyi, domin rashin ganin haka ne ya sa kowa ke zargin kowa. Wannan buƙata ce da za mu iya haɗa baki da maƙwabtanmu a kanta, kuma ta fi “da Pillars ce” amfani nesa ba kusa ba.

Namu aikin kuma bai fi ƙarfinmu ba. Masu gidajen kallo, kuna da ikon cewa a nan ba a zagin ƙabila, wanda ya yi ya fita. Masu kula da zaurukan WhatsApp na unguwa, saƙon da kuka san ba za ku so maƙwabci ya ji ba, ku goge shi tun bai yi ƙafa ba. Samari, ku so ƙungiyarku, ku yi wa abokanku 'yan Rangers tsiya in Pillars ta zo ta ci su, su ma su rama, haka ƙwallo take da daɗi. Masu Gida kan zo nan titin Ogui, Rangers kuma takan je Kano. Yadda muke so a karɓi namu a nan, haka za mu riƙa faɗa wa 'yan uwa na gida su karɓi na mutane a can, domin duk dutsen da aka jefa a Ƙofar Mata, mu nan muke jin ƙararsa.

Muna taya maƙwabtanmu murnar kofinsu na takwas. Allah ya zaunar da unguwarmu da garinmu lafiya, ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko a kan wanda muke so ne. Amin.